Lauyan Da Muka Ce Ba Mu Sani Ba

Na sha wahala a damanar nan, wahalar da ba wanda ya ɗora min sai ni kaina. Sau biyu na zagaye ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum a kan babur, cikin laka da ruwan sama. Zagayen farko ɓarna na je yi, na biyu gyaranta. Har yau in sanyi ya sauko ƙuguna yakan tuna min.

Ni ba ɗan boko ba ne. Aji uku na yi a firamare, Baba ya rasu, na koma gona. Wannan rubutun ma sai na yi ta gogewa ina sakewa. Amma labarin Lauya in ban faɗa ba, ban ga mai faɗinsa ba, don waɗanda muka yi abin tare yawancinsu sun kwanta dama.

A gidan yari na fara ganinsa. Faɗa muka yi da maƙwabcina a kan iyakar gona, na buga masa ƙotar fartanya a ka, aka kama ni. Laifina ne, ban taɓa musu ba. Mutumin ya warke cikin sati uku, ya yafe, har yakan ba Inna fura ta kai min. Amma lokacin ne aka yanka mana jiha daga Sakkwato, takarduna suka ɓace tsakanin can da Gusau. Ba a yanke min hukunci ba, ba a kuma sake ni ba. Damana biyu ina jin ruwa yana dukan kwanon ɗakin, gonata tana can ciyawa ta cinye.

Wata safiya gandiroba ya shigo da wani gajeren mutum, kaftaninsa ruwan toka ya koɗe, ƙafar tabaransa ɗaya an ɗaure ta da zare. Na ɗauka mai wa'azi ne. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tsugunawa, tambaya biyu kawai yake yi: me ya kawo ka, yaushe rabonka da alƙali. Da ya zo kaina na ce, "Malam, ni ko launin rawaninsa ban sani ba." Bai yi dariya ba, ya rubuta. Daga baya na ji lauyan gwamnati ne, irin waɗanda ake ajiyewa don talakan da ba shi da mai tsaya masa a kotu. Da kansa ya shiga motar haya ya tafi Sakkwato, ya kwana biyu yana kwance ɗaurin takardu a wani sito har ya fito da nawa. Ranar da aka sake ni, Inna ta karɓi takardar sakin, ta naɗe a tsumma, ta sa can ƙasan adakarta.

Da na fito sai na kama kabu-kabu, ina ɗaukar mutane a babur daga Anka zuwa ƙauyuka. Ofishin Lauya ɗaki ɗaya ne a Anka, motar ofishin kuwa tun zuwansa a kan duwatsu take, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Haka na zama mai ɗaukarsa. Shekara bakwai yana bayana, baƙar kwat ɗinsa a leda, sai mun kai ƙofar kotu yake sawa. A aljihunsa kullum akwai hoce da ƙuli-ƙuli, abincinsa ke nan a hanya.

Lokacin daji daji ne kawai. Ba a fara haƙar zinare a Abare da Duza ba balle dalma ta shiga jinin yara, ba mai tare ka a hanya sai shanu. Ka tashi daga Anka da hantsi, duk rugar da ka tsaya a miƙo maka ƙwaryar nono, ba mai tambayarka ɗan wane ne. Ina kewar hanyoyin nan fiye da yadda nake kewar ƙuruciyata.

Lauya yana da hali ɗaya: ba ya yarda da takarda sai ya taka wurin da ƙafarsa. Akwai wani tsohon Bafulatani a ƙasar Gwashi, Baffa muke ce masa, aka kulle ɗansa wai shanunsu sun cinye gonar dawa. Lauya ya ce a kai shi gonar. Ya cire kwat, ya bi burtali tun daga mashaya yana aunawa da taku, sai ga shi gonar ce ta cinye rabin hanyar shanun. Yana cikin awon wani bijimin Baffa ya yo kansa. Ban taɓa sanin gajeren mutum na gudu haka ba. Ya haye tsamiya, takalminsa ɗaya ya maƙale a laka, bijimin ya tattake. A ƙarƙashin tsamiyar nan ya zaunar da mai gona da Baffa, ƙafarsa ɗaya ba takalmi, bai tashi ba sai da suka yi musabaha, aka saki yaron. Baffa ya jawo rago ya ba shi, ya ce a'a. Nono kawai ya sha.

Ba kowa ke son sa ba. A Gummi ya ƙwato wa wata mata mai takaba fadamarta daga hannun wani mai faɗa-a-ji da ya zagaye ta da shingen waya. A gaban kotu mutumin ya nuna shi da yatsa ya ce sai ya ga bayansa, ko da Gusau zai tare. Ina tsaye na ji. Na riƙe maganar a raina.

Farkon damanar da nake magana, Lauya ya aike ni Gummi wurin tela in karɓo masa ɗinki. Da na leƙa ledar sai na ga babbar riga ce, farar shadda, an zuba mata aiki har ƙirji. Mutumin da shekara biyar kaftani biyu na san shi da su.

Na ce, "Barista, sarauta za a naɗa ka ba mu da labari?"

Ya ce, "Kai dai tuƙinka aka sani. Kada ka bari ruwa ya taɓa ta."

Bayan kwana kaɗan ya tafi Gusau wata shari'a, ya ce zai yi sati biyu. Lokacin ba wayar hannu a wurinmu, in mutum ya tafi ya tafi ke nan sai ya dawo.

Ina shan shayi a bakin kasuwa sai masinjan kotu ya zauna kusa da ni, ya rage murya. Ya ce wani ya zo daga Gusau da fayil, yana neman sunayen ƙauyukan da Lauya ke zuwa, zai bi su ɗaya ɗaya ya ji ta bakin mutane, kuma ba ya so Lauya yana wurin. Jibi zai fara.

Shayin nan ban shanye ba. Mu da muka tashi zamanin soja abu ɗaya muka sani: in mutum ya zo daga babban gari da fayil yana tambayar wane, to wanen ya shiga uku. Mun ga an yi wa malamin gona haka, mun ga an yi wa wani hedimasta. Duk abin da ka faɗa, ko alheri ne, da shi za a ɗaure shi. Na tuna mai shingen wayar nan na Gummi. Na tuna Lauya yakan bar ofis kwana uku yana ƙauye, yakan kwantar da wanda aka sako a ofishinsa in dare ya yi masa. Na ce shi ke nan, an zo cin mutuncinsa ba ya nan.

Ban yi shawara da kowa ba. Na cika tanki na kama hanya. Kwana biyu ban zauna ba, duk gidan da na san Lauya ya taɓa yi wa aiki sai da na shiga. Magana ɗaya nake faɗa: baƙo zai zo, in ya tambaye ku Lauya, ba ku san shi ba, ba ku taɓa ganinsa ba. Ba wanda ya yi min gardama. Wasu har suna min godiya da na yi saurin zuwa.

Ranar da baƙon zai fita ya nemi mai babur da ya san hanya, masinja ya nuna masa ni. Matashi ne, fes da shi, da laktaye da takalmi mai sheƙi, Hausarsa irin ta rediyo. Tun kafin mu fita gari ya faɗa min abin da ya kawo shi, bai ɓoye ba. Ya ce akwai lambar yabo da za a ba lauyan gwamnati ɗaya da ya fi yi wa talakawa aiki, an sa sunan Lauya cikin waɗanda ake dubawa, shi kuma an turo shi ya ji shaidar mutane. Na ce, "Allah sarki," a raina kuwa na ce ɗan sandan da ya kama ni ma da murmushi ya zo. Yaushe aka taɓa turo mutum daga Gusau, cikin damana, don ya yabi wani?

A Gummi matar nan ta amsa daga bayan labule. "Lauya? Wane lauya? Ni fadamata tun mai gidana na da rai take hannuna." Baƙon ya rubuta. A wani ƙauye kusa da Bukkuyum, mutum uku da Lauya ya fitar daga kulle suka haɗa baki suka ce ko kalmar ba su taɓa ji ba. Ya rubuta. A Gwashi, Baffa da ya fi ni iya Hausa ya tsaya yana "Jam, jam," da Fillanci, yana girgiza kai, wai ba ya ji. Takalmin Lauya da bijimi ya tattake yana rataye a jikin ginshiƙin bukkarsa, saitin kan baƙon. Na tsaya na tare wurin da bayana.

Sunana ma yana cikin fayil ɗin, amma bai san ni ne ba, na ce masa mai sunan ya tafi cirani. Ya ce to a kai shi wurin uwarsa. Haka na kai shi gidanmu kamar gidan wasu. Inna ta fito zaure, ta kalle ni, ta kalle shi.

Ta ce, "Ban san shi ba, ɗana. Ban taɓa ganinai ba. Allah shi tsare shi, shi raba shi da maƙiya, shi jiƙan mahaifanai."

Baƙon ya ɗaga kai ya ce, "Inna, wanda ba ki sani ba kike wa wannan addu'a?"

Ta ce, "Musulmi ne ai, ko?"

Wannan ma ya rubuta. Da na kai shi tasha ya ce da ni, "Abin da mamaki. Ko mutum ɗaya." Na ce, "Haka ƙauye yake, Yallaɓai." Na koma gida ina jin na biya Lauya wani abu daga alherinsa. Na yi barci mai daɗi.

Lauya ya dawo, muka ci gaba da yawonmu, ban ce masa komai ba don na san ba ya son a yi ƙarya a kansa. Bayan kamar sati biyu na zo ɗaukarsa da safe na tarar da shi zaune a ofis, takarda a gabansa, bai ko amsa gaisuwata da kyau ba. Ya ce yau ba inda za mu. Na matsa masa, ya karanta min da Hausa. Takardar tuhuma ce daga manyansa. Rahoto ya nuna duk ƙauyukan da yake rubutawa yana zuwa ba wanda ya san shi. Ya yi bayani cikin kwana bakwai ina yake tafiya in ya bar ofis, in ba haka ba a dakatar da shi.

Ya cire tabaran yana gogewa da bakin riga. Ya ce, "Korar ba ta dame ni ba kamar wannan. Har Baffa? Har Innarka? Me na yi musu?"

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na faɗa masa komai, tun daga shayin masinja. Ya tsaya yana kallona. Can sai ya fashe da dariya, ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi. Da ƙyar ta lafa.

Ya ce, "Ashe kai ne. Duk ƙasar nan ka zagaye?"

Na ce, "Kwana biyu, Barista."

Ya ce, "Ni shekara nawa ina neman shaida ɗaya ya zo kotu a kan lokaci ban samu ba, kai ka haɗa kan ƙasa guda a kwana biyu." Ya mai da tabaran. "Na so lambar nan, ba zan ɓoye maka ba. Abokan karatuna in mun haɗu a Gusau lauyan ƙauye suke ce min. Na so sau ɗaya a kira sunana a gabansu. Rigar da ka karɓo ke nan."

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Na ce ya ba ni kwana biyar. Ya ce kada in ƙara taɓa komai. Na ce to, na fita na tada babur.

Zagaye na biyu shi ne wahalar. Ruwa ya sauka sosai, gulbi ya kawo, sai an ɗora babur a kwale-kwale ana riƙe da shi. Sau biyu na faɗi a laka, a ta biyun ne ƙuguna ya bugu. Amma hanyar ba ta kai mutanen wuya ba. Na sa wani malamin makaranta ya rubuta min takarda cewa mun san Lauya, ga abin da ya yi mana, kowa ya dangwala yatsa. Da na fito da tawada sai kowa ya ja baya. A wurinmu ba a dangwala yatsa sai in za a rabu da gona ko an amsa laifi.

Wani dattijo a Bukkuyum ya ce, "Kai kac ce mu ɓoye shi, yanzu kai ka zo da tawada. Nawa sunka ba ka?"

Na rantse, na yi bayani, na ƙara rantsewa. Matar Gummi ta ce sai ta ji daga bakin Lauya. Kwana uku ina yawo, yatsa huɗu na samu, ɗaya nawa ne.

A Gwashi na tarar da Baffa a bakin garke. Ya saurare ni har na gama, yana sassaƙa sanda.

Ya ce, "Yatsana ba shi hawa takarda. Ubana bai yi ba, ni ma ba ni yi."

Na ce, "Baffa, korar shi za a yi."

Ya ce, "Wanda za shi kore shi, shina da kunne?"

Na ce yana da.

Ya ce, "To mi ag gamin takarda? A kai ni wurinai in faɗa mai da bakina." Ya shiga bukka ya ciro takalmin nan ya sa a jakarsa.

Nan hankalina ya dawo. Mutanenmu ba sa ba da shaida da yatsa, da ƙafa suke bayarwa. Na yaga takardar na sake bi ta gidajen, na ce ba tawada, Baffa zai tafi Gusau da kansa, wa zai bi? Da aka ji Bafulatani zai bar shanunsa da damana ya shiga mota, ba wanda ya ƙara min musu. Matar Gummi ta ce ƙanenta zai raka ta.

Inna ce ta fi ba ni wuya. Ta ce, "Da furfurata ka sa ni ƙarya gaban baƙo, a zauren ubanka." Kwana guda ba ta amsa min magana ba. Da asuba na ga ta buɗe adaka ta ciro tsumman nan, ta yafa mayafinta ta fita ta riga kowa zama gaban mota.

A-kori-kura ɗaya muka cika. Muka isa Gusau da azahar, laka har gwiwa don sau biyu muna sauka muna turi. Mai gadin ofishin ya hana mu shiga, muka zauna a gindin dalbejiya. Ba mu daɗe ba sai ga matashin nan mai laktaye ya fito. Ya gan ni, ya ga Inna, ya ga Baffa.

Baffa ya ce, "Sannu da aiki, samari. Ya gajiyar ranan?"

Matashin ya ce, "Au! Baba, yau kana jin Hausa?"

Baffa ya ce, "Ta zo min a hanya."

Shi ya shigar da mu wurin shugaban masu zaɓen, wani tsohon alƙalin babbar kotu da ya yi ritaya, fari tas da gemu. Ofishin bai ɗauke mu ba, ya sa aka fito masa da kujera baranda. Na tsuguna na faɗi abin da na yi. Ban rage komai ba, har da cewa ni ne wanda na ce ya tafi cirani.

Ya ce, "Ka san abin da ka yi kusan kashe masa aiki ya yi?"

Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Na karanta rahoton nan sau uku. Wuri ɗaya ya hana ni sakewa, tsohuwar da ba ta san mutum ba take roƙa wa iyayensa gafara. Tana nan?"

Inna ta ce, "Ga ni. Ƙarya ce niy yi, wanga yaro yas sa ni." Ta kwance tsumman ta miƙa masa takardar sakina. Ya duba sa hannun, ya duba ranar da aka kama ni da ranar da aka sake ni.

Daga nan kowa ya faɗi nasa. Matashin yana rubutawa har biro ya ƙare ya ari wani. Matar Gummi ta yi maganar fadama daga cikin lulluɓinta. Da aka zo kan Baffa sai ya ciro takalmin ya ajiye gaban tsohon alƙalin, busasshiyar laka a jiki, ga shatin kofato.

Ya ce, "Ka tambaye shi ina ɗan'uwan wanga. In bai zo Gwashi ba, takalminai ya zo shi kaɗai?"

Tsohon ya yi dariya har ya riƙe gemu. Sai la'asar sakaliya muka gama. Ya ce maganar tuhuma mu ɗauka ta mutu, yau zai rubuta wa manyan Lauya. Amma lambar, ba zai yi mana ƙarya ba, an riga an zauna an yanke, an kai sunan wurin masu zanawa a jikin allon lambar. Ba a warware abin da aka yanke don mota guda ta zo daga baya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na yi laifin, ba shi ba."

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa kai za ka ɗauke shi ka kawo shi ranar taron. Ka ce masa ni na ce."

Ranar taron Lauya ya sa farar rigar. Ta yi masa yawa kaɗan, yana tafiya yana tattare hannuwa. Ni ban shiga ba, na tsaya jikin taga tare da direbobi. Wata lauya mace aka ba lambar, mai tsaya wa marayu a shari'ar gado, kuma da aka karanta aikinta ban ga abin cewa ba, ta cancanta. Na ga Lauya yana tafa mata da gaske. Na ce a raina shi ke nan, na sa mutum ya yi ɗinki a banza.

Sai tsohon alƙalin ya tashi, ya ce kafin a watse yana da rahoto biyu a kan mutum ɗaya. Ya karanta na farko, inda ba wanda ya san shi. Ya karanta na biyu. Ya ba da labarin motar da muka cika, ya sa hannu ƙarƙashin tebur ya ɗaga takalmin sama. Ɗakin ya ɗauki dariya. Ya jira ta lafa, sannan ya ce shi dai a zamansa na kotu ya ga mutane da yawa sun yi ƙarya don su tsira, bai taɓa ganin ƙasa guda ta yi ƙarya don lauyan gwamnati ya tsira ba. Ya kira sunan Lauya cikakke, har da na mahaifinsa. Masu kwat ɗin nan duk suka miƙe tsaye. Takardar yabo aka ba shi, ba allo ba, takarda ce mai kauri da hatimi ja.

Bai taɓa samun lambar ba har ya bar aiki. Bayan shekara biyu aka mai da shi wani gari, muka rabu a tasha, daga baya na ji ciwon ciki ya kwantar da shi, sai kuma labarin rasuwarsa. Ofishin nan na Anka yanzu ana sai da buhunan taki a ciki. Ni ma na bar babur, na yi niƙan dutse a Abare shekarun zinare, abin da na samu bai kai abin da na rasa ba. Hanyar Gwashi kuwa yau ko an ce in je ba zan je ba.

Amma ranar nan muna dawowa daga Gusau da yamma, rana ta yi sanyi, gero ya yi kai hagu da dama, ya naɗe rigar ya mai da leda ya koma kaftaninsa. Muka wuce rabin hanya. Na ce, "Barista, ka yafe min allon."

Ya ce, "Allon na so, kada ka ji an tafa ka ce ka yi daidai."

Na ce, "Ban ce ba."

Ya miƙo min hoce ta kafaɗata. Can ya ce, "Ba su mai do min da takalmina ba ma."

A ƙofar gidansa ya sauka, ya juya zai shiga, sai ya dawo ya ba ni takardar. Ya ce Baffa da matar Gummi da sauran ba su ga abin da suka sha laka a kansa ba, kuma tunda na iya zagaye, in ƙara ɗaya. Ya ce in ruwa ya taɓa ta kada in dawo.

Inna na fara nuna wa. Ba ta iya karatu ba, ta shafa hatimin da yatsa ta ce a kawo ta ajiye a adaka. Na ce ba tamu ba ce, aike ne.

Washegari bayan sallar asuba na naɗe takardar a leda biyu, na sa ta cikin riga a ƙirjina, na ɗaure ƙuguna da rawani saboda ciwon, na tada babur na kama hanyar Gwashi.